Kishore Kumar: Muryar da Muka Haddace Kafin Mu San Mai Ita

Duk wanda ya taɓa zama a bencin sinima a Kano ko Kaduna ko Jos a shekarun 1970 da 1980, a daren da aka sa fim ɗin Indiya, ya san yadda wuri ke kaurewa da sowa da zarar jarumi ya buɗe baki zai rera waƙa. Ɗauki fim ɗin Don na 1978. Amitabh Bachchan yana gudun 'yan sanda, ya faɗa cikin wasu mutanen yankinsu, ya jefa ganyen paan a baki, sai ga shi ya ware dogayen ƙafafun nan yana tiƙar rawa. Muryar da ke fita tana tsalle tana dariya, kamar mai ita ya manta ana nemansa ruwa a jallo. A tashi daga kallo ana maimaita amshin a hanya, ba tare da an san ma'anar kalma ko ɗaya ba.

Sai dai Amitabh bai rera ko baiti ɗaya ba a wurin. Leɓe kawai ya motsa. Tun kafin a kafa kyamara an riga an naɗi waƙar a wani situdiyo a Bombay, daga bakin wani mutum mai kusan shekara 50, wanda ake kira Kishore Kumar.

A ƙasar Hausa fuska aka sani, ita aka yi wa laƙabi. Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Masu muryoyin kuwa, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, ba kowane mai cika sinimar Plaza ko Marhaba ne zai iya kiran sunansu ba. Abin da ya raba Kishore da sauran mawaƙan bayan fage shi ne, shi ma ya taɓa zama fuskar. Ya yi shekara sama da 20 a gaban kyamara, har ya shiga sahun jaruman da furodusoshi ke rububi, alhali ransa bai taɓa kwanciya da aikin ba. Ya rubuta waƙa, ya tsara kiɗa, ya shirya fim da kuɗinsa ya kuma ba da umarni. Duk da haka sai da ya koma bayan labule yana ba wasu aron murya, sannan aka gane girman baiwar da ke tare da shi.

Autan lauya

An haife shi ranar 4 ga Agusta, 1929 a Khandwa, wani gari na mahaɗar jiragen ƙasa a tsakiyar Indiya, cikin jihar da yanzu ake kira Madhya Pradesh. Sunansa na asali Abhas Kumar Ganguly. Iyayensa 'yan ƙabilar Bengali ne da zama ya kai su nesa da Kalkata. Mahaifinsa Kunjalal lauya ne, sunan mahaifiyarsa Gouri Devi. Su huɗu ta haifa: Ashok, sai mace ɗaya Sati, sai Anoop, sannan auta Abhas.

Tsakanin auta da babban yaya akwai tazarar kusan shekara 18, saboda haka Ashok ya fi kama da uba a wurinsa. Ashok ɗin ma karatun lauya ya fara, ya watsar ya tafi kamfanin Bombay Talkies yana aiki a ɗakin wanke fim, daga nan ƙaddara ta tura shi gaban kyamara. Kishore na ɗan shekara bakwai yayansa ya fito a Achhut Kanya a 1936, ya zama sananne a faɗin ƙasar. A 1943 ya fito a Kismet, fim ɗin da aka shafe fiye da shekara uku ana nunawa a sinima guda a Kalkata. Cikin wannan inuwa yaron ya tashi.

Amma gwanin yaron ba yayansa ba ne. K. L. Saigal ne, jarumin Devdas na 1935, wanda shi ke fitowa shi ke rera waƙarsa da wata murya mai nauyi da ta cika da baƙin ciki. Kishore ya haddace faya-fayensa na garmaho, yana kwaikwayonsa a gaban baƙin gidansu. Ashok ya sha ba da labarin cewa ƙanen nasa da dasasshiyar murya ya taso, sai ranar da ya yanke a yatsan ƙafa ya yi ta kuka kwana da kwanaki, wai daga nan maƙogwaron ya washe.

Abu guda da ya bi shi tsawon rayuwa shi ne bai taɓa durƙusawa gaban malamin waƙa ba. A Indiya wannan ba ƙaramin gibi ba ne. Waƙar ilimi a can tsari gare ta da ake kira raga, ɗalibi kan yi shekaru a hannun ustazu yana koyon hawa da saukar murya kafin a bar shi ya rera a bainar jama'a. Mohammed Rafi ya zauna gaban malamai. Lata Mangeshkar a hannun mahaifinta ta fara. Manna Dey ƙanen mahaifinsa, K. C. Dey, ne ya horar da shi. Kishore kuwa kunne da garmaho ne makarantarsa. Bayan ya yi karatu a Christian College da ke Indore, ya bi yayansa Bombay, ya sauya suna, ya shiga cikin 'yan amshi a Bombay Talkies.

Jarumin dole

Ya iso a daidai lokacin da sana'ar ke rabuwa gida biyu. A 1931, da aka fito da Alam Ara, fim na farko mai magana a Indiya, jarumi shi ke rera waƙarsa a gaban kyamara, makaɗa na ɓoye a gefe. A 1935 kamfanin New Theatres na Kalkata ya kawo dabarar naɗar waƙa tukuna, sannan a kunna ta a wurin ɗauka jarumi ya bi da leɓe. Kafin ƙarshen shekarun 1940 dabarar ta zama ƙa'ida. Saigal ya mutu a 1947, zamanin jarumi mai waƙa da bakinsa ya tafi tare da shi. Fagen murya ya koma hannun ƙwararru irin su Rafi da Mukesh da Talat Mahmood.

Kishore ya fara leƙa fim a Shikari a 1946, a wani ɗan ƙaramin matsayi. A 1948 makaɗi Khemchand Prakash ya ba shi waƙarsa ta farko shi kaɗai a fim ɗin Ziddi, a bakin Dev Anand. Wanda ya saurare ta yau zai rantse Saigal ne ya dawo. Ashok dai bai ga makomar ƙanensa a waƙa ba. A ganinsa, yaron da bai yi karatun raga ba ba zai ja da su Rafi ba, kuma kuɗin yana wajen jarumai. Don haka ya tura shi wasan kwaikwayo.

Shekaru da yawa bayan nan, a hirar da ya yi da ɗan jarida Pritish Nandy a mujallar Illustrated Weekly of India a 1985, Kishore ya bayyana irin dabarun da ya yi don a sallame shi. Ya ce da gangan yake ɓata zancen da aka ba shi, ya aske kansa ƙwal, ya ɓarke da karya murya ana tsakiyar ɗaukar wurin kuka, ya faɗa wa wata jaruma maganar da aka rubuta don wata a wani fim daban. Finafinansa na farko da yawa sun faɗi. Amma haukan da ya ƙirƙira don a kore shi, shi ya koma hajarsa. 'Yan kallo suka fara dariya, furodusoshi suka biyo da kuɗi. Daga Ladki na 1953 zuwa New Delhi na 1956 da Aasha na 1957, ya zama ɗan barkwancin da ke rawa da waƙa da tuntsura gudi-gudi, irin wanda sinimar Indiya ba ta saba gani ba. Manyan daraktoci ma sun gwada shi a wasan nutsuwa: Bimal Roy a Naukri na 1954, inda ya fito a matashi mai yawon neman aiki, da Hrishikesh Mukherjee a Musafir na 1957.

Mutum ɗaya ne ya fara jin abin da sauran ba su ji ba, wato makaɗi S. D. Burman. Ya je gidan Ashok ya ji yaron yana kwaikwayon Saigal, ya yaba masa, sannan ya ba shi shawarar ya daina aron muryar wani ya nemi tasa. Kishore ya riƙe maganar. Cikin abubuwan da ya tsinto har da wani salon karya murya da ake kira yodal, inda mawaƙi ke tsalle daga muryar ƙirji zuwa siririya cikin ƙiftawar ido. Asalinsa kiran makiyaya ne a tsaunukan Turai, shi kuma ya koye shi daga faya-fayen Jimmie Rodgers na Amurka da Tex Morton. Burman ya mayar da shi muryar Dev Anand a finafinai irin su Munimji da Funtoosh da Paying Guest.

Ban da Dev Anand da shi kansa, kusan ba wanda yake yi wa waƙa a lokacin. Abin ma ya kai ga ban mamaki: a Ragini na 1958 da Shararat na 1959, an ga Kishore a allo yana motsa leɓe, muryar Rafi na fita. Mutumin da ya bar garinsu don ya yi waƙa, ga shi yana bin waƙar wani da baki.

Gareji da rabin tikiti

Ƙololuwar barkwancinsa ita ce Chalti Ka Naam Gaadi na 1958. 'Yan'uwan uku, Ashok da Anoop da Kishore, suka fito a matsayin 'yan'uwa uku masu garejin gyaran mota, babbansu ya kafa dokar ba ruwansu da mata. Wani dare ana tsuga ruwa, wata budurwa ta turo motarta da ta mutu, auta ne kaɗai a garejin. Madhubala ce budurwar. Ana ba da labarin cewa Kishore ya zuba kuɗi a fim ɗin ne da fatan ya faɗi, don ya nuna wa hukumar haraji asara, sai fim ɗin ya ƙi ba shi haɗin kai, ya shiga cikin waɗanda suka fi kawo kuɗi a shekarar.

A Half Ticket na 1962 ya fito a ƙato da ya sa gajeren wando ya zama yaro don ya biya rabin kuɗin jirgin ƙasa. Akwai waƙar da aka tsara namiji da mace su yi, shi yana sanye da kayan mata yana rawa da Pran, bos ɗin fim ɗin. Da ba a samu Lata Mangeshkar a ranar naɗi ba, Kishore ya rera ɓangaren namijin da na macen duka, makaɗi Salil Chowdhury ya bar ta haka. Shi wannan Salil, shi ne a lokacin Naukri ya fara ƙin yarda da shi saboda bai yi karatun waƙa ba.

A gida kuwa labarin ba na dariya ba ne. Aurensa na farko da Ruma Guha Thakurta, mawaƙiya kuma jaruma, wadda ta haifa masa Amit a 1952, ya mutu a 1958. A 1960, shekarar da Mughal-e-Azam ya kai Madhubala matsayin da ba wata jaruma a gabanta, ya aure ta. Da ciwo aka haife ta, rami a zuciya, a zamanin da likitoci ba su da yadda za su yi da irin nata. Sun je Landan, aka ce musu kwanakinta ba su da yawa. Ta ƙara shekara tara, mafi yawansu a kwance. Yadda ya riƙe ta a jinyar, abin da danginta suka faɗa daban, abin da shi ya faɗa daban. Ta rasu ranar 23 ga Fabrairu, 1969, tana da shekara 36.

Abin da yake rubutawa idan ya kaɗaita

Cikin waɗannan shekarun jinya ne ya fara yin finafinan da ransa ke so, kuma a nan ake ganin Kishore marubucin waƙa da mai tsara kiɗa. A Jhumroo na 1961 shi ya tsara kiɗan fim ɗin gaba ɗaya. Majrooh Sultanpuri ya rubuta yawancin baitocin, shi kuma ya rubuta waƙar taken fim ɗin, wadda ya cika da yodal. Amma cikin fim ɗin nan na wasa akwai waƙoƙi masu sanyi na kewa da rabuwa, waɗanda har yau su aka fi tunawa.

A 1964 ya fito da Door Gagan Ki Chhaon Mein. Shi ya rubuta labarin, shi ya shirya, shi ya ba da umarni, shi ya tsara kiɗa, shi ne jarumi. Babu tsalle babu gatsine. Soja ne ya dawo daga yaƙi ya tarar gobara ta cinye gidansa da iyalinsa, ɗansa ƙarami kaɗai ya tsira, shi ma firgici ya ɗauke masa magana. Sauran fim ɗin fafutukar uba ce ta ganin yaron ya sake buɗe baki. Amit, ɗansa na cikinsa, shi ya fito a yaron. Shailendra ya rubuta yawancin waƙoƙin, amma wadda uban ke rera wa ɗan yana yi masa alkawarin wata duniya da ta fi wadda ta ƙone su, Kishore ne ya rubuta ta da hannunsa, kuma ta zama cikin waƙoƙin da iyaye a Indiya ke rera wa 'ya'yansu. Da ya ga wata waƙar ta fi dacewa da muryar Hemant Kumar, shi ya ba wa.

Yana da wuya mutum ya kalli fim ɗin nan bai yi tunanin mai shi ba. Mawaƙin da aka hana waƙa ya zauna ya rubuta labarin yaron da murya ta maƙale masa. Ya sake komawa irin wannan yanayi a Door Ka Rahi na 1971, labarin matafiyin da ba ya zama wuri ɗaya. Da kewar shirme ta motsa masa kuma, sai ya yi Badhti Ka Naam Dadhi a 1974, inda ake gasar wanda ya fi tsawon gemu don cin gado.

A tsakiyar shekarun 1960 tauraronsa na jarumi ya dusashe. Finafinai suka riƙa faɗuwa, sunansa ya fita da makara da ƙin zuwa wurin ɗauka, ga masu haraji a ƙofa.

Bayan taga

Sai ga Padosan a 1968. Sunil Dutt ya fito a Bhola, wani bagidajen saurayi da ya kamu da son maƙwabciyarsa Bindu, wato Saira Banu, wadda tagarta ke kallon tasa. Ita waƙa take so, har tana da malamin kiɗa, Mehmood. Bhola kuwa ko amshi bai iya ba. Ya kai kuka wurin wani shugaban 'yan wasan daɓe da ake kira Guru, wanda bakinsa ba ya rabuwa da paan. Guru ya kawo dabara: Bhola ya tsaya a taga yana motsa leɓe, shi zai laɓe a baya yana rerawa, yaransa na kaɗa tsintsiya da mataji da duk abin da hannu ya kai. Kishore ne Guru.

Sana'ar gaba ɗaya aka ɗauko aka yi wasa da ita a wannan taga. A waƙar gasar da aka yi tsakanin Guru da malamin kiɗa, Manna Dey ne ya yi muryar Mehmood, ya zuba ilimin raga, Kishore ya tare shi da shirme da ihu da kalmomin da ya ƙaga nan take, kuma labarin ya ba Guru nasara. An ce Manna Dey bai so a nuna wanda bai yi karatu ba ya kayar da mai ilimi ba. R. D. Burman, ɗan S. D. Burman, shi ya tsara kiɗan.

Shekara guda bayan nan wasan ya zama gaske. A 1969, 'yan watanni bayan rasuwar Madhubala, Shakti Samanta ya fito da Aradhana, da wani sabon jarumi Rajesh Khanna. A farkon fim ɗin yana cikin jif yana bin ɗan ƙaramin jirgin ƙasan Darjeeling, yana yi wa Sharmila Tagore waƙa ta taga. Murya da fuskar suka haɗu kamar tare aka halicce su. Kishore na da shekara 40 ya karɓi kyautar Filmfare ta farko da wata waƙa daga fim ɗin. Rajesh Khanna ya jera finafinan da suka yi kasuwa, Kati Patang, Andaz, Amar Prem, kusan duk da muryar Kishore, wanda ya yi masa waƙoƙi sama da 200. Zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi.

Wasan kwaikwayo a gaban makirfo

A wancan zamanin a zama ɗaya ake naɗar waƙa. Makaɗa gommai, masu goge irin na Turawa, masu tabla, masu sarewa, 'yan amshi, duk suna cikin ɗaki guda, mawaƙi na cikin ɗan keɓaɓɓen wurinsa. Mutum ɗaya ya kuskure, a koma farko. Da yawa daga cikin masu rubuta kiɗan a takarda Kiristocin Goa ne da suka iya alamomin kiɗan Turawa. Ɗaya daga cikinsu, Anthony Gonsalves, shi ya koyar da makaɗi Pyarelal, kuma sunansa aka ba Amitabh a Amar Akbar Anthony na 1977, a waƙar da yake fitowa daga cikin ƙaton ƙwai. Kishore ne ya rera ta.

A irin wannan ɗaki, abin da Kishore ya fi kowa shi ne sanin abin da jarumi zai yi da waƙar. Yakan tambayi wa zai hau ta, a wane hali, me ya faru kafin nan. Shi ya taɓa tsayawa gaban kyamara, ya san inda jarumi ke buƙatar numfashi, inda zai juya kai, inda zai yi murmushi. Idan ta Rajesh Khanna ce sai ya tausasa ta ya ja ƙarshen kalma. Idan ta Amitabh ce sai ya saukar da ita ƙirji. Ta Dev Anand kuwa da ɗan rangwaɗa. Waɗanda suka yi aiki da shi sun sha ba da labarin cewa sai da ya tauna paan na gaske kafin ya rera waƙar Don, kuma a kwance ya rera wata waƙar mashayi ta Sharaabi. Ashe shekarun da yake ganin an ɓata masa a wasan kwaikwayo, su ne karatun da ya yi a madadin raga. Sauran mawaƙa rerawa suke yi, shi kuwa fitowa yake yi a cikin waƙar, jarumi ya zo ya tarar an gama masa rabin aiki.

Daga Abhimaan zuwa Sholay, inda shi da Manna Dey suka yi waƙar abota ta kan babur, zuwa Muqaddar Ka Sikandar da Namak Halaal, muryarsa ta mamaye shekarun 1970 har zuwa farkon na 1980. Mukesh ya mutu a 1976, Rafi a 1980, fage ya ƙara zama nasa. Ya ci Filmfare sau takwas, huɗu daga ciki a jere daga 1983 zuwa 1986, adadin da aka yi shekaru da dama ba namijin da ya kamo. A 1985 duk waƙoƙin da suka shiga takarar nasa ne, kuma duk daga Sharaabi. Ya yi waƙa da Bengali da Marathi da Gujarati da wasu harsunan Indiya. Satyajit Ray, daraktan da ba ya wasa da kiɗa, shi ya zaɓa ya rera waƙar marubucin Bengali nan Tagore a Charulata a 1964, ya sake kiransa a Ghare Baire bayan shekara 20.

Kuɗi, gwamnati da bishiyoyi

A kan kuɗi ba ya ɗaga ƙafa. Ƙa'idarsa, ba biya ba aiki. Labarin da aka fi yaɗawa shi ne na ranar da ya zo wurin ɗauka da kwalliya a rabin fuska, da darakta ya tambaya ya ce rabin kuɗi aka ba shi. An kira shi marowaci, an kira shi mahaukaci. Amma masana'antar da yake ciki wuri ne da furodusa kan ci gumin mutum ya biya shi da alkawari, kuma wanda aka ɗauka mahaukaci ba a cika zuwa masa da zancen bashi ba. A ɗaya gefen, akwai labaran abokan da ya yi wa waƙa bai karɓi ko sisi ba.

Taurin kan nan ya gamu da gwamnati. A 1975 Firaminista Indira Gandhi ta kafa dokar ta-ɓaci, aka kulle 'yan adawa, aka ɗaure bakin jaridu. Ma'aikatar yaɗa labarai a ƙarƙashin V. C. Shukla ta nemi mawaƙa su tallata shirye-shiryen gwamnati. Kishore ya ƙi. A watan Mayun 1976 aka hana sa waƙoƙinsa a All India Radio da talabijin ɗin Doordarshan, a ƙasar da gwamnati ce kaɗai ke da gidan rediyo da talabijin. Bayan faɗuwar gwamnatin a 1977, hukumar bincike ta Mai Shari'a Shah ta saka wannan cikin abubuwan da ta bincika na wuce gona da iri.

Ya yi aure na uku da Yogeeta Bali a 1976, bai kai ko'ina ba. A 1980 ya auri Leena Chandavarkar, ta haifa masa Sumit. Gidansa na unguwar Juhu ya sa masa suna Gouri Kunj, sunan mahaifiyarsa. Ba ya zuwa shagalin 'yan fim. A hirar nan ta 1985 ya ce ba shi da aboki a Bombay, bishiyoyin gidansa ya raɗa wa sunaye yake hira da su, kuma burinsa ya tattara ya koma Khandwa. Ko a dandalin wasa, idan zai gabatar da kansa, sai ya haɗa da sunan garin.

Komawa Khandwa

Tsarin da ya ɗaukaka shi bai tsaya a Indiya ba. Finafinan da 'yan kasuwa Lebanawa suka riƙa kawowa sinimomin Arewa sun bar karinsu a kunnen Hausawa, har masu bandiri suka ɗora begen Annabi a kan wasu. Da finafinan Hausa suka kafu bayan Turmin Danya na 1990, da wannan rabon aiki suka taso: mawaƙi ya shiga situdiyo, jarumi ya yi mamin a lokeshan. Akwai kuma irin su Sani Danja da Adam A. Zango da Umar M. Shareef, masu riƙe da fuska da murya a lokaci guda. Duk mawaƙin Kano da ya taɓa ganin ana yi wa jarumi tafi a kan waƙar da shi ya kwana yana rerawa, ya san abin da Guru ya ji a bayan tagar nan.

Kishore bai samu komawa gida da ƙafarsa ba. Ranar 13 ga Oktoba, 1987, ciwon zuciya ya ɗauke shi a Bombay yana da shekara 58. Ranar ce Ashok ke cika shekara 76, kuma daga nan yayan bai ƙara bikin ranar haihuwarsa ba. Aka ɗauki gawar zuwa Khandwa, aka ƙona ta bisa al'adar Hindu. An gina masa wurin tunawa a garin, kuma gwamnatin Madhya Pradesh ta kafa kyauta da sunansa.

Ana gobe zai mutu ya shiga situdiyo, shi da Asha Bhosle, suka naɗi waƙa a ƙarƙashin Bappi Lahiri don fim ɗin Waqt Ki Awaz. Fim ɗin bai fito ba sai 1988. Mithun Chakraborty ya tsaya gaban Sridevi yana rawa yana motsa leɓe, muryar ta fito da ƙarfinta da wasanta, 'yan kallo suka tafa wa Mithun kamar yadda aka saba.